Yelwar Yawuri Kafin Tafkin Kainji da Bayansa: Giɓin da ke Tsakanin Rubutaccen Tarihi da Tunin Mutanen Ruwa

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi garin Yelwa, fadar Masarautar Yawuri, a matsayin tashar jiragen ruwa da ta tashi daga bakin kogi ta koma bakin tafki a shekarar 1968. Ta auna abin da aka rubuta game da garin da abin da ya rage a bakin mutanensa, ta kuma dubi alaƙarsa da Gwandu. Matsayin maƙalar shi ne, an rubuta tarihin Yelwa daga fada da kuma daga ofishin masu gina madatsar ruwa, alhali tarihin masunta da matuƙa kwalekwale da manoman gungu na nan a baki, kuma masu riƙe da shi na ƙarewa.

1.0 Gabatarwa

Jihar Kebbi, wadda aka ƙirƙira ranar 27 ga Agustan 1991, tana da masarautu huɗu: Gwandu, Argungu, Yawuri da Zuru. Uku daga cikinsu ruwa ne ya ɗaure su. Gulbin Kebbi yana ratsa fadamun Argungu da Birnin Kebbi da Kalgo da Bunza kafin ya faɗa Kogin Kwara, Kwara kuma ta gangara zuwa Yelwa, inda Tafkin Kainji ya faro ta arewa. Saboda haka mai nazarin tarihi a Gwandu ko Kalgo ba baƙo ba ne ga batun Yelwa, ruwan da ya wuce ta ƙofarsa ne ke isa can.

Manufar maƙalar ita ce fito da giɓin da ke tsakanin rubutaccen tarihin Yelwa da tunin al'ummarta, da nuna abin da za a yi asara idan ba a cike shi ba. Abin da ake nufi da tunin al'umma a nan shi ne ilimin da jama'a ke riƙe da shi tare game da jiyansu, wanda ke cikin labarai da sunayen wurare da waƙoƙin aiki da bukukuwa da sana'a, ba tare da an rubuta shi ba.

2.0 Waiwaye a kan Ayyukan da Suka Gabata

Rubuce-rubucen farko na matafiya ne. Mungo Park ya biyo ta ƙasar Yawuri kafin ya halaka a gwadaben ruwa na Busa a 1806. A ƙarshen watan Yunin 1830 Richard da John Lander suka isa Birnin Yawuri suna neman takardunsa, suka yi fiye da wata guda, suka kuma bayyana shi a matsayin babban birni mai ganuwa. Bayaninsu na da amfani, amma idonsu na kan sarki da kan inda kogin ya nufa. Mutanen da suka tuƙa su sun shigo labarin ne a matsayin 'yan aiki.

Sai ma'aikatan mulkin mallaka. P. G. Harris ya wallafa bayanansa a kan Yawuri a 1930, ya kuma yi rubutu a kan harshen Gungawa. Hogben da Kirk-Greene, a littafinsu na masarautun Arewa na 1966, sun bi jerin sarakuna da yaƙe-yaƙe. Waɗannan ayyuka sun adana abubuwan da da sun ɓata, sai dai an tattara su ne ta hannun hakimai da tafintoci, don amfanin haraji da tsarin mulki.

Marigayi Farfesa Mahdi Adamu, ɗan ƙasar Yawuri, shi ne ya ɗora nazarin a kan turbar ilimi da kundinsa na digiri na biyu a Jami'ar Ahmadu Bello a 1968, wanda ya dubi raunanar gwamnatin Yawuri a ƙarni na 19. Littafinsa na 1978 a kan tasirin Hausawa a Afirka ta Yamma ya sanya Yawuri cikin babbar taswirar fatauci. S. A. Balogun ya nazarci dangantakar Gwandu da masarautun da ke ƙarƙashinta, Paul Lovejoy kuma ya bi hanyar fataken goro zuwa Gwanja a littafinsa na 1980. Ta fuskar al'ada, Frank Salamone ya yi nazarin yadda Gungawa ke rikiɗewa zuwa Hausawa. Bayan gina madatsar Kainji, aka sami ayyukan masana tattalin arziki da labarin ƙasa, musamman littafin Wolf Roder na 1994 a kan yadda mutane suka saba da tafkin.

Idan aka jera su, za a ga kowane rukuni ya ɗauki yanki ɗaya. Masana tarihi galibi sun tsaya a zuwan Turawa ko kaɗan bayansa, masana raya ƙasa kuma sun fara daga 1968 suna ƙirga gidaje da tan-tan na kifi. Rayuwar tashar kanta, wato bakin ruwa da kasuwarsa da masu sarautunsa, ta faɗa tsakanin rukunan biyu.

3.0 Dabarun Nazari

An bi hanyar kwatanta madogara iri uku: ayyukan da aka wallafa, ruwayoyin baka da manazartan baya suka riga suka rubuta, da kuma shaidun da ke a fili a yau, kamar bukukuwa da sana'o'i da tsarin zama a bakin tafki. An yi amfani da rabe-raben Jan Vansina na 1985, wanda ya bambanta labarin da aka gada daga kakanni da labarin wanda abin ya faru a gabansa. A wannan maƙala an kira na farko kunne-ya-girmi-kaka, na biyu kuma shaidar ganau. Farfajiyar nazarin ita ce Yelwa da gungayen da ke kewaye da ita, daga farkon ƙarni na 19 zuwa yau. Aikin share fage ne ga binciken fili da ya kamata ya biyo baya.

4.0 Yawuri da Gwandu a Ƙarni na 19

Jerin gargajiya ya sa Yawuri cikin Banza Bakwai, tare da Kebbi da Zamfara da Nufe da sauransu. Sarautar ta Hausawa ce, amma akasarin talakawan ƙasar Gungawa ne da Kambari da Shangawa da Dukkawa da Lopawa. Wannan tsari na sarauta da harshe ɗaya, talakawa da harsuna da yawa, shi ne tushen matsalar madogara da za a gani nan gaba.

Lokacin da aka raba kula da daular jihadi a 1812, yammaci da kudu maso yamma suka faɗa hannun Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda Gwandu ta zama mazauninsa. Sarkin Yawuri Albishir ɗan A'i ya yi mubaya'a, aka bar gidansa a kan mulki bisa amana da biyan abin da aka yanka. Ba a aiko da mai tuta daga waje ya karɓi ƙasar ba, kamar yadda ya faru a Kano ko Katsina ko Zazzau. Yana da kyau a tambayi dalili. Babbar harkar Gwandu ta kudu tana Nufe da Ilori, kuma hanyar zuwa can ta bi ta kwarin Kwara. Daular da ƙarfinta na kan doki ba ta da yadda za ta yi da mutanen da ke zaune a tsakiyar kogi, masu jiragen da ake bukata don fito. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, amanar ta fi yaƙi riba ga Gwandu, domin sarkin da ke da faɗa-a-ji a wurin masu jirgi ya fi amfani a kan gadonsa.

Haka ma fatauci. Ayarin da ya taso daga Kano ko Jega zuwa Gwanja neman goro dole ya ƙetare Kwara, kuma mafitan ƙasar Yawuri da na Busa na cikin waɗanda ake bi. Madugu da jagaba da ubandawaki sunayensu sun shiga littattafai. Wanda ya ƙetare da jakai da kanwa da tufafi, ya karɓi kuɗin fito, ya san inda dutse yake da inda dorina ke kwana, sunansa bai shiga ba.

Daga tsakiyar ƙarnin, rikicin gadon sarauta da matsin Kwantagora, wadda Umaru Nagwamatse ya kafa, suka karya ƙasar. Fada ta bar Birnin Yawuri ta koma gungun Ikum, sai a 1888 Sarki Abdullahi Abarshi ya kafa ta a Yelwa. Abin lura a nan shi ne, lokacin da tudu ya gagari sarauta, ruwa ne ya ba ta mafaka. Ke nan akwai wani zango na tarihin fadar kanta da ba za a iya rubuta shi daidai ba sai an ji ta bakin zuriyar mutanen gungu.

A zamanin Turawa an ci gaba da yanke hukunci daga nesa. A 1915 aka sanya Busa ƙarƙashin Yawuri, abin da ya haifar da tawayen da Michael Crowder ya rubuta littafi a kansa a 1973.

5.0 Shekarar 1968 da Abin da Ta Binne

An fara gina madatsar Kainji a 1964, aka tare ruwa a 1968, aka buɗe ta a watan Fabrairun 1969. Tafkin da ya taru ya kai tsawon kilomita kusan 136 daga madatsar zuwa Yelwa, faɗinsa kuma ya haura murabba'in kilomita 1,200. An tayar da kimanin mutum 44,000. Tsohuwar Busa ta nutse, aka gina sabuwa. Galibin babban gungun Foge ya shige ruwa, haka ma gungaye da dama na Gungawa.

Rahotannin aikin sun ƙirga abin da za a iya biyan diyyarsa: ɗaki, rumbu, itacen amfani. An gina sababbin ƙauyuka da bulon siminti da rufin asbestos bisa zanen magini Robin Atkinson, kuma manazarta sun rubuta koke-koken mazauna game da zafin ɗakunan da rashin dacewarsu da tsarin gidan gandu. Amma akwai abin da ba ya shiga takardar diyya. Al'ummar da ba ta rubutu tana rataya tarihinta ne a kan wurare. Kushewar kaka, tsamiyar da aka yi sulhu a ƙarƙashinta, dutsen tsafi, mashigin da aka tare mahara, kowannensu kan sa yaro ya yi tambaya, babba ya ba da labari. Idan wurin ya nutse, tambayar ta daina zuwa, labarin kuma ya zauna a bakin tsoho har ya tafi da shi. Wannan ita ce babbar asarar 1968 ta fuskar tarihi, kuma ita ce aka fi yin shiru a kanta.

A nan kwatanci da Gwandu na da fa'ida. Hubbaren Malam Abdullahi na nan a garin Gwandu ana ziyartarsa. Littattafansa, irin su Tazyinul Waraƙati da Liya'ul Hukkami, ana karanta su. A Gwandu ne Heinrich Barth ya sami kofen Tarikhus Sudan a 1853, zamanin Sarki Halilu. Ko da fadar ta koma Birnin Kebbi a farkon ƙarni na 20, tarihinta bai girgiza ba, domin yana da takarda kuma yana da wuri. Mutanen gungu ba su da takardar tun farko, wurin kuma aka rufe shi da ruwa. Manazarcin da ya taso cikin al'adar rubutu ta Gwandu na iya ɗauka cewa inda babu takarda babu tarihi, kuma wannan zato ne ya kamata sassan tarihi na jami'o'inmu su yaƙa.

5.1 Canjin Sana'a

Kwara na da cika biyu a shekara a wannan yanki: farin ruwa, na daminar gida, mai laka, da baƙin ruwa, wanda ke isowa da rani daga tsaunukan Gini bayan ya ratsa fadamun Mali. A kan wannan kalanda Gungawa suka gina noman rani na albasa da shinkafa a gefen gungaye, da ban-ruwa da ƙwarya, Sarkawa kuma, waɗanda da yawansu asalinsu daga ƙasar Kebbi ne, suka gina sana'arsu ta kamun kifi. Tafki ya sauya lissafin. Yanzu hawa da saukar ruwa, wanda kan kai kimanin mita 10 a shekara, yana bin bukatar injinan wuta ne. Manoma sun koyi bin gaɓar da ruwa ya janye, daga baya injin ban-ruwa ya maye ƙwarya.

Kifi ya yi ambaliya a shekarun farko, musamman faliya. Ƙiyasin kamun 1971 ya haura tan 28,000, amma zuwa 1978 ya faɗo ƙasa da tan 5,000. Wannan hawa da faɗuwa ya jawo baƙin masunta daga wurare da dama, ya kuma mai da Yelwa babbar kasuwar busasshen kifi da banda. A shekarun 1990 shirin haɗin gwiwar Nijeriya da Jamus ya yi aikin lasisi da hana jan komar dala, saboda tana kwashe 'ya'yan kifi. Cibiyar binciken kifin ruwa mai daɗi da ke Sabuwar Busa na da alƙaluman duk wannan. Abin da alƙaluma ba su faɗa ba shi ne yadda ikon Sarkin Ruwa ya kasance da zuwan jami'in lasisi, da yadda matan da ke banda da dillancin kifi suka riƙe gidaje a shekarun da kamu ya faɗi. A cikin dukkan rukunan da wannan nazari ya duba, muryar mata ce ta fi ƙaranci.

6.0 Inda Tunin Yake a Yau, da Hattarar da Yake Bukata

Wuri na farko shi ne Bikin Rigata na Yawuri, inda ake tseren kwalekwale da ninƙaya da nuna bajintar ruwa. Ruwayar da ake bayarwa ta danganta asalinsa da farautar dorina da Gungawa ke yi. Bikin taska ce, domin yana tara makaɗa da matuƙa da dattawa a wuri guda. Sai dai biki na zaɓen abin da zai nuna. Yana nuna jarunta da haɗin kai, ba ya nuna rikicin gona tsakanin waɗanda aka tayar da waɗanda aka sauke su a ƙasarsu.

Na biyu shi ne harshe. Salamone ya lura tun shekarun 1970 cewa Bagunge da ya musulunta ya shiga gari kan koma Bahaushe a harshe da sutura. Tashin da aka yi daga gungaye zuwa bakin hanya ya ƙara wa abin sauri. Hausa ta buɗe wa mutanen kasuwa da makaranta, ba a musun haka, amma sunayen gwadabe da duwatsu da kirarin dangi suna cikin harshen Reshe ne. Mai binciken da ya yi hira da Hausa zalla zai sami fassarar tarihin, ita ma taƙaitacciya.

Na uku shi ne ilimin matuƙa. Ba a sare dukkan itatuwan kwarin ba kafin a tare ruwa, kututturansu na nan a ƙasa, kuma hukumomi sun sha ambaton su cikin dalilan haɗarin jirgi, tare da lodin da ya wuce kima da tafiyar dare. Ranar 26 ga Mayun 2021 jirgin da ya taso daga Jihar Neja zuwa kasuwar Wara a Ƙaramar Hukumar Ngaski ya nutse da mutane fiye da 150, kaɗan ne suka tsira. Dattijon da ya san inda tsohuwar hanyar kogi take, da inda kurmi yake kafin ruwa ya rufe shi, yana riƙe da taswirar da za ta amfani hukumar kula da hanyoyin ruwa da hukumar raya yankunan madatsun wutar lantarki ta HYPPADEC. Wannan kaɗai ya isa hujja ga mai ganin tattara tarihin baka aikin nishaɗi ne.

Duk da haka, tuni ba ya zama hujja sai an tace shi. Abu na farko da za a yi hattara da shi shi ne yadda babban lamari kan haɗiye ƙananan da ke kusa da shi. Inda jama'a suka raba zamani gida biyu, kafin dam da bayan dam, abin da ya faru a farin 1973 ko na 1984 na iya komawa wuyan madatsar, rayuwar gungu kuma ta zama kamar ba ta da yunwa ko ciwon dundumi ko haraji. Na biyu, batun diyya da iyakar gona bai mutu ba, don haka mai ba da labari na iya zama mai ƙara. Na uku, ruwayar da aka ji a fada da wadda aka ji a tunga kan saɓa, kuma ba aikin manazarci ba ne ya zaɓi wadda ta fi daɗin ji. Maganin duka ukun ɗaya ne: a ji daga baki da yawa, a gwada da fayilolin Taskar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna da na Gidan Tarihi na Waziri Junaidu da ke Sakkwato da takardun sake tsugunarwa, a kuma ajiye saɓanin yadda yake idan bai warwaru ba.

7.0 Shawarwari

Kunne-ya-girmi-kaka na iya jira kaɗan, domin ya riga ya ƙetare tsara da dama. Shaidar ganau ce ke da wa'adi. Don haka aikin farko shi ne ɗaukar muryoyin waɗanda suka rayu a gungaye kafin 1968, maza da mata, cikin harshen da suka zaɓa, da izininsu, tare da barin kofe a garinsu. Na biyu, a zauna da tsofaffin matuƙa da taswirorin da aka zana kafin tare ruwa, a mayar da kowane suna mazauninsa.

Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013 kuma mazauninta ke kan hanyar Kalgo zuwa Bunza, ita ce ta fi dacewa ta ɗauki nauyin taskar, da haɗin gwiwar Jami'ar Usmanu Danfodiyo, wadda 'ya'yan Yawuri biyu, Farfesa Mahdi Adamu da Mai Martaba Sarkin Yawuri Dokta Muhammad Zayyanu Abdullahi, suka taɓa shugabanta. Kayan aikin ba su wuce na'urar ɗaukar murya da kuɗin jirgi da ɗalibai masu jin Reshe da Kambarci ba. Ana kira ga majalisun masarautun Gwandu da Yawuri da Ma'aikatar Al'adu ta Jihar Kebbi su sa wannan aiki cikin kasafin shekara mai zuwa, domin yaron da yake da shekara 15 ranar da ruwa ya rufe gungunsu ya haura 70 a yau.